Hannu Ya Yi Rawa, Sai Me? A Bar Yaro Ya Shaƙi Maganinsa

Da zarar hunturu ya kama, ƙura ta turnuƙe Tagriss da ƙauyukanta, yara masu ciwon fuka, wato asma, sun shiga uku ke nan. Kullum kuma maganar da nake ji a bakin iyaye, har da wasu malaman makaranta, ɗaya ce: wai maganin shaƙa ya fi ƙarfin yaro, wai yana lalata zuciya, wai in ya saba da shi ba rabuwa. Sai a ɓoye Ventoline a ƙasan akwati, a turara wa yaro hayaƙi, hayaƙin da ke ƙara shaƙe shi. Gudun gara ke nan, a tadda zago.

Ba na musun cewa maganin yana da illa. Sinadarin da ke cikinsa, salbutamol, aikinsa sassauta jijiyoyin da suka matse hanyoyin iska a huhu. In fuka ta tashi da ƙarfi, yaro ɗan shekara 6 zuwa sama ana iya ba shi matsi 4 zuwa 10, a maimaita bayan kowane minti 20 cikin awa ta farko. A wannan yawan, hannu zai yi rawa, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, kai ya yi ciwo, yaro ya kasa zama wuri ɗaya. Yakan kuma rage gishirin fotasiyam na jini, shi ya sa irin wannan shaƙa mai yawa take son idon ma'aikacin lafiya. Amma rawar nan ba iskoki ba ce, tana lafawa cikin ƴan awoyi. Numfashin da ya tsaya fa, wa ke dawo da shi? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa asma ta kashe mutum 455,000 a shekarar 2019, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu.

Ku kuma masu cewa tunda yana aiki a yi ta matsawa, ku ma ban yarda da ku ba. Salbutamol yana buɗe hanya ne kawai, ba ya warkar da kumburin da ke cikin huhu. A ƙasar Niyuzilan, mace-macen asma sun ƙaru daga shekarar 1976, aka gano alaƙarsu da wani maganin shaƙa mai ƙarfi, fenoterol, kuma da aka taƙaita shi wajen 1990 adadin ya sauko. Yaron da ke ƙarar da gwangwani 3 ko fiye a shekara, ciwonsa bai kwanta ba. Yana buƙatar maganin kullum mai rage kumburi, wanda likita ne zai rubuta, ba mai tallar magani ranar kasuwa ba.

Malam, in ɗalibinka ya fara shessheƙa a aji, kada ka ƙwace abin shaƙarsa, kada ka kwantar da shi. Zaunar da shi a miƙe. Ko robar ruwa ta rabin lita da aka huda gindinta, aka cusa bakin maganin, tana taimaka masa ya isa huhu. Likitoci a Afirka ta Kudu sun gwada haka a 1999, ta yi aiki. Matsi ɗaya, numfashi kamar 5, sannan na gaba.

In ya kasa ƙarasa magana, fatar tsakanin haƙarƙarinsa na lotsawa, leɓensa ya canza launi, ko barci ya fara fizgarsa, a nufi asibiti nan take, ana ci gaba da ba shi a hanya. Tsakaninmu da babban asibitin Dakoro akwai tafiya, kuma fuka ba ta jiran gari ya waye.

Iyaye, ku sanar da malamai ciwon ƴaƴanku tun farkon shekara, maganin kuma ya zauna cikin jakar yaro. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.