Wai Gidan Gyaran Hali!

Jama'a, ni fa abin nan ya ishe ni. A 2019 Buhari ya sa hannu a doka, aka daina cewa gidan yari, wai sai gidan gyaran hali. To, halin wa aka gyara? A 2024 mutanen da ke tsare a ƙasar nan sun haura dubu 80, kusan biyu cikin uku jiran shari'a suke, babu alƙalin da ya kama su da laifi. Ɗan talaka ya rasa mai tsaya masa beli, sai ya shekara uku a Goron Dutse kan zargin da hukuncinsa bai wuce wata shida ba, uwarsa na ta jigilar tuwo. Wallahi da a littafina na rubuta haka, cewa za ku yi na cika ƙarin gishiri.