Ga masu addu'ar zuwan sojan baƙo: ku tambayi akawun Bagadaza

Jama'a, jiya a ofis bayan mun idar da azahar wani yaro da muke aiki tare ya faɗi maganar da ta tsaya min a rai. Ana jajen wani ƙauye da 'yan bindiga suka sake afka wa, sai ya ce, "Yallaɓai, ni fa na gaji. Gara Amurka ta turo sojojinta, wata uku sun share mana dajin nan kowa ya huta." Na san zafin zuciya ne ya sa shi, kuma ban ga laifinsa ba. Amma tun da kullum ina cin karo da irin wannan magana a nan Facebook, bari in faɗi abin da na faɗa masa.

Na ce, ƙanena, shekararka nawa a 2003? Ya ce biyar. To ni ina jami'a lokacin. A ɗakin kwanan ɗalibai muka kewaye rediyo ranar 20 ga Maris da aka fara ruwan bama-bamai a Iraƙi. Ranar 9 ga Afrilu muka ga an tumɓuke mutum-mutumin Saddam a dandalin Firdaus. Ranar 1 ga Mayu George Bush ya tsaya a kan jirgin ruwan yaƙi, bayansa ga ƙyalle an rubuta cewa an gama aiki. Mako shida ke nan, ko wata ukun da kake faɗa bai kai ba. Yau shekara ashirin da ɗoriya, talakan Iraƙi bai gama biyan kuɗin wannan mako shidan ba.

Kada wani ya zo min da cewa ina kare Saddam. Na san a nan Arewa an raɗa wa yara sunansa a 1991, amma gaskiya ɗaya ce: mutumin da ya watsa wa Kurdawan Halabja iskar guba a 1988, ya mamaye Kuwait a 1990, azzalumi ne. 'Yan Iraƙi da yawa sun yi murnar faɗuwarsa da zuciya ɗaya. Cikinsu har da Kazim al-Jaburi, wanda duniya ta gani yana dukan gindin mutum-mutumin nan da guduma. Bayan shekaru shi da bakinsa ya gaya wa 'yan jarida ya yi nadama. Ni abin da ya sa shi nadamar nake so mu duba.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, don haka idona a kan ofis yake. Da Bagadaza ta faɗi, aka wawashe ma'aikatu, aka ƙona ɗakin karatu na ƙasa da ma'ajiyar takardun tarihi, aka kwashe kayayyaki kusan 15,000 daga gidan tarihi. Ma'aikatar man fetur kuwa sojojin Amurka sun tsaya sun tsare ta. Daga nan ma ka san abin da baƙo ya ɗauka da muhimmanci.

Sai Paul Bremer, wanda aka naɗa kantoman ƙasar, ya sa hannu a kan takarda biyu. Ta 16 ga Mayu 2003 ta kori manyan 'yan jam'iyyar Ba'as daga aikin gwamnati. A ƙasar da sai da katin jam'iyya ake samun ƙarin girma, wannan ya haɗa da dubban malaman makaranta da shugabannin ma'aikatu. Ta 23 ga Mayu ta rushe rundunar soja baki ɗaya. Dubban ɗaruruwan magidanta da suka iya bindiga aka sallama gida rana ɗaya, babu aiki. Dan Allah ku da kuka san yadda gida ke zama idan albashi ya yi lattin mako biyu, ku auna wannan.

Mutane suna ɗauka gwamnati ita ce shugaban ƙasa. Mu da muke ciki mun san gwamnati ita ce akawun da ya san inda fayil ɗin fanshonka yake, da injiniyan da ya san wane bututu ke kai ruwa unguwarku, da rajistar da ke nuna filin nan na mahaifinka ne. Muna zagin waɗannan mutane kullum, wani lokaci ma sun cancanta. Amma ranar da aka watse su, babu tankar yaƙin da za ta maye gurbinsu.

Abin da ya biyo baya kowa ya ji. Hotunan gidan yarin Abu Ghuraib a 2004. Falluja da aka yi wa luguden wuta sau biyu a shekarar. Fasa hubbaren Askari a Samarra a Fabrairun 2006, wanda ya buɗe ƙofar kisa tsakanin Sunni da Shi'a, har ta kai sunan da ke katin shaidarka kaɗai yana iya sa a kashe ka a shingen hanya. A Satumban 2007 masu gadin kamfanin Blackwater suka bindige farar hula 17 a dandalin Nisur. Huɗu aka ɗaure a Amurka, a Disambar 2020 Trump ya yi musu afuwa. Kun ga darajar jinin mai gida a wurin baƙo. Makaman ƙare dangin da aka ce don su aka zo kuwa, ba a same su ba.

Sojojin Amurka sun tattara sun tafi a Disambar 2011. A Yunin 2014 ISIS ta kama Mosul, birni na biyu mafi girma, ƙarƙashin Abubakar al-Bagadadi, wanda ya taɓa zama fursuna a sansanin Bucca na Amurka. A cikin kwamandojinsa akwai tsofaffin hafsoshin rundunar nan da aka rushe. Suka yi wa Yazidawan Sinjar kisan kiyashi, suka sayar da matansu. Kafin a ƙwato Mosul a Yulin 2017, tsohon garin ya zama kufai. Ƙungiyar Iraq Body Count, wadda ke ƙirga mutuwar da aka tabbatar kaɗai, ta lissafa farar hula kusan 200,000.

Yanzu da harbi ya lafa fa? Ƙasar da ke cikin manyan masu fitar da mai a duniya tana sayen iskar gas daga Iran don ta kunna wuta, unguwanni na biyan mai janareto kuɗin wata. A 2018 gurɓataccen ruwa ya kai mutum sama da 100,000 asibiti a Basra. Kuɗin man ƙasar ma a wani asusu a babban bankin Amurka da ke New York ake ajiye shi. Muƙamai kuma rabo ake yi: shugaban ƙasa Bakurde, firaminista ɗan Shi'a, kakakin majalisa ɗan Sunni, ma'aikatu sun zama ganimar jam'iyyu. A Oktoban 2019 matasan da suka tashi cikin wannan hali suka fito zanga-zanga suna neman aiki da wuta da ruwa, aka kashe ɗaruruwansu.

Su kuma waɗanda suka kitsa abin? A 2016 kwamitin Chilcot a Ingila ya ce an shiga yaƙin tun ba a ƙure hanyoyin sulhu ba, kuma shirin abin da zai biyo baya bai wadatar ba. Daga Bush har Tony Blair babu wanda ya kwana ko ɗaya a kurkuku. Muntazar al-Zaidi, ɗan jaridar da ya jefi Bush da takalmi a Disambar 2008, shi ne ya sha ɗauri.

Yaron nan ya ce min, "To Yallaɓai, sai mu zauna a ƙarar da mu?" A'a. Uwar da aka sace wa ɗa ba ta da lokacin darasin tarihi, duk wanda zai dawo mata da shi maraba take yi, kuma ba ni da bakin yi mata faɗa. Amma mu da muke riƙe da waya a cikin gari muna rubutu, nauyin tunani a kanmu yake. A sayi kayan aiki, a karɓi horo, a yi musayar bayanan sirri, duk babu laifi. Miƙa makullin gida ne ban yarda da shi ba, don wanda ya shigo da ƙarfinsa shi zai zaɓi abin da zai tsare da ranar da zai tafi, kuma ba ka da akwatin zaɓen da za ka hukunta shi.

Fushin nan da muke da shi, mu kai shi inda yake da amfani. Mu tambayi gwamnoni ina kuɗin tsaro ke tafiya. Mu tambayi 'yan majalisa me ya sa sojan da ke daji yake kukan alawus. Mu ma'aikata kuma mu ji tsoron Allah, don duk fayil ɗin da muka danne sai an ba mu na goro, mun ƙara wa wani yaro dalilin fatan baƙo ya zo ya rushe komai.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Wanda yake ganin na yi kuskure, ga fili nan, ya kawo hujjarsa ban da zagi. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu, nan da can, ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya.