Tayar Babur da Hanyar Makaranta a Hunturu

Hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, kowa ya ciro rigar sanyinsa. Da yawanmu a Ikara da Maƙarfi da Kudan a bayan babur muke isa makaranta, wani yayansa ke kawo shi, wani ɗan acaɓa. Shi ya sa wannan makon muka duƙa ƙasa mu duba abin da ke ɗauke da mu duka, wato taya.

Hanyarmu ba iri ɗaya ba ce. Wanda ya taso daga ƙauye zuwa Hunƙuyi ko Paki, sai ya bi ta gefen gona, ya ratsa yashin rafin da ya ƙafe, ya hau burji, sannan ya samu kwalta. A tafiya guda taya ta gamu da ƙasa kala huɗu. Mai sumul ɗin zane, wadda aka yi don birni, tana kama kwalta sosai saboda fatarta da yawa na taɓa titi, amma da ta shiga yashi sai ta riƙa wutsil-wutsil. Mai manyan haƙora kuwa tana cizon yashi da taɓo, sai dai a kwalta ga ƙara, ga saurin cinyewa, kuma riƙonta a kwana bai kai na waccan ba. A ganinmu, mai bin hanya irin tamu ya nemi ta tsakiya: haƙoranta matsakaita, kusa da juna a tsakiyar tayar, da ɗan tazara a gefe.

Kada mu ce ai rani ne, babu santsi. Ƙurar hunturu idan ta kwanta a kan kwalta, takan shiga tsakanin taya da titi ta rage kamun. Ga ɓawon rake da ake zubarwa a bakin kasuwa, mu 'yan Maƙarfi da Kudan ba sai an ba mu labarinsa ba. Ga kututturen karan dawa da ƙaya a hanyar gona bayan girbi. Bara mun ga yaya da ƙanwarsa sun zube a wata kwana mai yashi ranar jarrabawa, a hankali ma suke tafiya. Da aka ɗaga babur ɗin, tayar gaba ta suɗe tas kamar tafin hannu. Allah ya kiyaye, gwiwa kawai ta kurje, amma takarda ta farko ta wuce ta.

Yawancin mutane tayar baya suke damuwa da ita don ita ke saurin cinyewa. Alhali ta gaba ita ke riƙe da kan babur. Idan ta baya ta zame, gwani kan iya gyarawa, ta gaba kuwa sai dai a tsinci kai a ƙasa.

Yanzu ga inda darasin aji ke shigowa. Malamin kimiyya ya koya mana cewa iska idan ta yi sanyi ƙarfin matsinta yana raguwa. Haka take yi a cikin tub. Tayar da aka cika da rana tsaka, da asuba za a same ta ta ɗan saki. A ɗora mata mutum uku ko kwandon tumatirin Ikara, ta faɗa rami, sai ƙarfen gargare ya danne tub ɗin ya huda shi. A auna iska da safe kafin a yi tafiya mai nisa, da geji, domin matsawa da yatsa ba ta faɗin gaskiya.

Jikin taya kuma akwai karatu. Za ku ga lamba irin 3.00-17. Ta farko faɗin tayar ne a inci, 17 kuma faɗin gargaren da za ta hau. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, sai ku lissafa da kanku. Akwai kibiya da ke nuna inda za ta riƙa juyawa, ku tabbata mai faci bai ɗaura ta a baibai ba. Sannan ku nemi lambobi huɗu a jere, galibi cikin ɗan da'ira. Idan kun ga 1523, an ƙera ta a mako na 15 na shekarar 2023. Roba tana tsufa ko da a shago take ajiye, ta bushe ta tsattsage, kuma busasshiyar iskar hunturu da zafin rana ba sa taimaka mata. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗi a kan tayar gwanjo saboda wannan dalili. Arharta kan ja hankali a wannan tsadar, mun sani, amma ba mu san shekarunta da wahalar da ta sha a hannun wani ba.

Lasisin tuƙi sai an cika shekara 18, saboda haka yawancinmu goyo ne namu tukuna. Duk da haka babu laifi mu ce, cikin ladabi, "Yaya, tayar gaban nan fa ta gaji."

Aikin gida: kowa ya duba babur ɗin gidansu ya rubuto mana girman tayar, da mako da shekarar da aka ƙera ta, da sunan makarantarsa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.