BIYAYYAR SOJA TANA DA IYAKA

Kowace shekara samari daga Disina da Shira da Azare da sauran garuruwan ƙasar Katagum suna tafiya Zariya, inda ake horon kuratan soja tun 1924. Iyayensu da yayyensu da ke neman abinci a Agege da Sabo ta Ibadan da Fatakwal su kan yi murna, domin aikin soja aiki ne na mazaje. Amma akwai maganar da ya kamata a gaya wa yaro tun bai sa kaki ba.

Abu na farko da ake koya wa kurtu shi ne bin oda ba gardama. Wannan kuwa daidai ne. Rundunar da kowane soja zai tsaya neman dalili kafin ya ɗaga ƙafa ta zama taron tsintsiya ba shara. Malam Zaki, wanda ya kafa Katagum a farkon ƙarni na 19, bai shiga birnin Ngazargamu ba sai da mayaƙa masu jin magana.

Sai dai tarihi ya nuna cewa da biyayyar nan aka sha yin ɓarna. A watan Maris na 1906 rundunar Turawa ta rushe Satiru kusa da Sakkwato, aka kashe mutum wajen 2,000. A watan Afrilu kuma ta faɗa wa Haɗejiya, maƙwabciyar Katagum, inda Sarki Muhammadu ya rasu a fagen fama. Hafsoshin Turawa ne, amma masu riƙe da bindigogin yawancinsu 'yan ƙasar nan ne, oda aka ba su suka bi. Haka nan a daren 15 ga Janairu 1966, Manjo Nzeogwu ya fito da sojoji a Kaduna da sunan atisaye, da yawansu ba su san abin da ake ciki ba sai da suka gan su a ƙofar gidan Sardauna.

Duniya ta riga ta yanke hukunci a kan wannan al'amari. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, babban hafsan Jamus Keitel ya gaya wa kotun Nuremberg cewa umurnin Hitila ya bi. Kotun ba ta karɓi wannan uzuri ba, aka rataye shi a 1946.

To, ƙin bin oda ma yana da nasa sakamakon. A watan Mayu na 2014 sojoji a barikin Maimalari ta Maiduguri suka harbi motar kwamandansu bayan an kashe 'yan'uwansu a wani kwanton ɓauna. Kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa. A watan Disamba aka yanke wa wasu 54 irin wannan hukunci saboda sun ƙi fita yaƙi da Boko Haram, suna kukan rashin makamai. Sai a ƙarshen 2015 aka sassauta zuwa ɗaurin shekara 10. Kurtu dai yana tsakanin gaba kura baya sayaki.

Hausawa sun ce laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwuya. Hafsan da ke son a bi shi tilas ya wadata yaransa da makami da abinci, ya kuma ba da odar da zai iya tsayawa gaban kotu ya ce shi ya bayar. Wajibi ne hukumar soja ta koya wa kurata bambancin halattacciyar oda da haramtacciya cikin harshen da suke ji, in an yi ɓarna kuma a fara tuhumar mai ba da umurni.

Iyaye kuwa su ja kunnen 'ya'yansu: a bi na gaba, a tsaya wurin aiki, amma wanda ya harbi mutumin da ba ya ɗauke da makami, kaki ba zai wanke masa jinin ba. Allah ya zaunar da ƙasa lafiya.