FILIN KIWON LAFIYA: Jini a Bakin Aswaki Ba Abin Rainawa Ba Ne

A wannan mako za mu tattauna ne a kan wata cuta da ta zama ruwan dare, amma ba kasafai akan kai ta gaban likita ba sai ta riga ta yi ɓarna, watau ciwon dasashi.

Sau da yawa mutum yakan yi aswaki da asuba, ya tofar da yawu ya ga jini, sai ya ce ai itacen ne ya yi tauri, ya ci gaba da harkarsa. Ana nan ana nan, ran nan ya gatsa rake sai ya ji haƙori yana girgiɗa, alhali kuwa ba shi da kogo ko kaɗan. Idan ya faɗi sai a ɗora wa tsufa laifi. To, a gaskiya lafiyayyen dasashi ba ya jini don an goge baki, kuma wannan jini shi ne gargaɗi na fari.

Asalin cutar wani datti ne fari-fari mai yauƙi da yakan taru a gindin haƙori, inda ya haɗu da dasashi. Ba guntun abinci kaɗai ba ne, ƙwayoyin cuta ne suka yi sansani a ciki. A shekarar 1965 wani likitan haƙori mai suna Harald Löe ya yi gwaji a ƙasar Denmark, ya sa waɗansu masu lafiyayyen baki su daina goge haƙora. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura, da suka koma gogewa kuwa, cikin kamar mako guda ya warke. Ashe ke nan a matakin farko maganin cutar yana hannun mai ita.

Idan aka yi sakaci, dattin nan yakan daskare ya zama kanta mai tauri kamar dutse, wadda ba aswaki ba buroshin da zai iya kankare ta. Daga nan sai dasashi ya soma rabuwa da haƙori, rami ya buɗe a tsakaninsu, cutar ta gangara ta shiga cin ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙorin. Misalinsa kamar turke ne da ruwa ke zaizaye ƙasar gindinsa: turken lafiya lau, amma ko akuya ta ja shi sai ya tuge. Abin takaici shi ne yawanci ba a jin zafi, kuma ƙashin da ya cinye ba ya komowa da kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2022 cewa fiye da mutum biliyan 1 ne ke fama da wannan mataki mai tsanani.

Alamomin da za a lura da su su ne jini wajen goge baki ko cin abu mai tauri, kumburin dasashi da laushinsa, warin baki da ya ƙi jin magani, haƙora su yi kamar sun ƙara tsawo saboda dasashi ya janye, da kuma fitar ruwan mugunya. Mai shan taba ya yi hattara ƙwarai, domin taba tana ƙara cutar kuma tana ɓoye jinin. Mai ciwon sukari shi ma haka, gama kowanne daga cikin cututtukan biyu yana rura wutar ɗan'uwansa. Mata masu juna biyu kuma dasashinsu yakan yi saurin kumburi.

Iyaye kuwa su riƙa duba bakin yara, musamman 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda suka rame ko suka tashi daga ƙyanda. A jikin irin waɗannan yara gyambon dasashi yana iya rikiɗa ya zama cutar noma, wadda ke cin kumatu da leɓe cikin 'yan kwanaki. Akwai asibiti na musamman domin wannan cuta a Sakkwato tun 1999, amma idan aka gaggauta kai yaro asibiti mafi kusa tun yana matakin jini da wari, magani yakan tsayar da ita.

Game da magani, kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri yana rage raɗaɗi, amma ba ya cire kanta. Wannan aikin likitan haƙori ne, wanda zai auna zurfin ramin, ya kankare kantar har ƙarƙashin dasashi. Kada a sayi kafso a kemis ba da izinin likita ba, kada a danna ƙwayar asfirin a jikin dasashi, balle a ɗiga ruwan batir, domin ƙona naman suke yi.

Rigakafi dai an ce ya fi magani. A goge baki sau biyu kullum, na tsawon minti 2, kuma na dare kafin barci shi ne mafi muhimmanci. A yi amfani da buroshi mai laushi da man goge baki, a sake buroshin bayan wata 3. Mai aswaki ya tauna bakinsa har ya yi laushi, ya bi gindin haƙora ciki da waje a hankali, kada ya tsaya ga na gaba kaɗai. A tsabtace tsakankanin haƙora da zaren da aka yi domin haka, a bar sakace da allura ko tsinken tsintsiya. Wurin da ke jini kuma kada a guje shi, shi ne ya fi bukatar gogewa. Idan an yi mako biyu ana haka jinin bai tsaya ba, to, lalle a nemi likita.

Allah ya ƙara mana lafiya. Sai mun sadu a mako mai zuwa.