Mu Mayar wa Matasanmu Kacici-kacici, Amma Su Ƙirƙiro Nasu



Duk shekara idan dogon hutu ya kama daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, kuka ɗaya iyaye ke kawo wa ƙungiya: yara 'yan shekara 13 zuwa 18 sun duƙufa a kan waya, wasu har sun fara leƙa shagunan caca. Faɗa kaɗai ba ya raba matashi da abin da ke ba shi nishaɗi, sai an ba shi wani abin da zai gwada basirarsa a gaban tsaransa. A ganinmu kacici-kacici da wasa da harshe za su iya wannan aiki.

Sai dai kada mu yaudari kanmu. Idan aka ce wa ɗan sakandare "shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya", zai ce tsintsiya tun ba a rufe baki ba, domin ya haddace tun yana firamare. Hadda ba ta wasa ƙwaƙwalwa. Abin da muke so shi ne kowane matashi ya zo da kacici-kacicin da shi ya ƙirƙira daga abin da yake gani kullum. Misali: ƙafa uku gare shi, ba ya ɗingishi, yini yake tsakanin Jimeta da Yola. Keke Napep ke nan. Ko kuma: ya haɗiyi kati, ya amayo takarda. Na'urar POS. Kafin yaro ya haɗa irin wannan, dole ya lura da abu, ya nemo kamanninsa, sannan ya ɓoye shi cikin gajeriyar magana. Wanda ya kasa amsawa ya ba da gari kamar yadda aka saba, ko Numan, ko Mubi, ko Fufore.

Akwai kuma batun harshen kansa. A nan Adamawa Hausa na zaune ne tare da Fulatanci da Bachama da sauran harsuna, kuma yaranmu da yawa Hausar kasuwa suke tasowa da ita. Kalmar "fara" kaɗai tana iya nufin kwaron da ake soyawa, ko soma aiki, ko mace mai hasken fata, gwargwadon yadda aka ja ta ko aka karya murya. Haka "gari" na zama da "gari" na tuwo. Wasa da irin waɗannan kalmomi, tare da karya harshe da zaurance, yana gyara kunne da furuci.

Wasu iyaye za su ce wannan ɓata lokaci ne, gara darasin jarrabawa. Muna tuna musu cewa adabin baka na cikin abin da ake tambayar masu rubuta Hausa a WAEC da NECO, kuma awa ɗaya a mako ba ta hana karatu.

Shawararmu ita ce a riƙa zama duk Asabar bayan La'asar, ba da dare ba, domin 'yan mata ma su samu halarta. Dattawa biyu su yi alƙalanci, kyauta kuma ta tafi ga wanda ya ƙirƙiri tambayar da ta gagari kowa. Wanda nasa ya zo da Fulatanci, a karɓa, ya fassara. Muna roƙon iyaye su tura yaransu, masu zaure kuma su ara mana wuri.

Allah ya shirya mana zuri'a, amin.

Sakataren Ƙungiya