Ɗanki likita ne, amma da sauran jarrabawa a gabansa

 

Makon jiya bayan sallar La'asar wata dattijuwa maƙwabciyarmu a nan Bulumkutu ta aiko jikanta ya kira ni. Na ɗauka hawan jininta ne ya motsa, har na ɗauki na'urar awo. Da na isa sai na tarar lafiyarta ƙalau, abin da ke cin ta a rai daban ne. Bayan mun gaisa ta ce, "Likita, don Allah ka faɗa mini gaskiya. Yaron nan nawa shekara shida ke nan da gama karatunsa, da idona na ga an rantsar da su. To wace irin jarrabawa ce wannan da ba ta ƙarewa? Bara ya tafi Ibadan, ya dawo ba ya magana da kowa. Bana ma ga shi zai koma. Sau biyu matarsa tana kawo mini ƙara. Ko dai tun asali bai ci ba ne yake ɓoye mana?"

Na ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki. Ɗanki likita ne cikakke, babu abin da ya ɓoye miki. Wannan da yake nema wani mataki ne na gaba, kuma ni ma sai da na sha wuyarsa."

Na san ba ita kaɗai ce ke da wannan tambaya ba. Don haka yau za mu duba jarrabawar ƙwarewar likitoci: mece ce ita, me mai shiga zai tarar, kuma me ake bukata daga mutanen gida.

Likita da ƙwararren likita

Wanda ya yi shekara shida a jami'a ya samu digirin MBBS, ya yi shekara ɗaya ta koyon makamar aiki a asibiti, Hukumar Kula da Likitoci ta Ƙasa, wato MDCN, ta yi masa cikakkiyar rajista, to ya zama likita, yana da ikon duba marasa lafiya. Amma bai zama ƙwararre a wani fanni ba tukuna. Idan yana son ya zama ƙwararren likitan yara, ko na mata da haihuwa, ko na tiyata, ko na ƙwaƙwalwa, sai ya shiga horo na musamman a asibitin da aka amince da shi, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da ke kan hanyar Bama, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke hanyar Baga. Yana aiki ana biyansa albashi, yana kwana a asibiti, yana kuma karatu. Horon kan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai, wani lokaci fiye, gwargwadon fanni da kuma yadda jarrabawa ta zo wa mutum.

Ba asibitin ne ke shirya jarrabawar ba, ba kuma jami'a ba ce. Kwalejoji uku ne ke da wannan alhaki. Akwai ta ƙasa, NPMCN, wadda aka kafa a 1979, hedikwatarta na Ijanikin a Legas. Akwai kuma biyu na Afirka ta Yamma: WACP, wadda aka kafa a 1976, mai kula da fannoni irin su cututtukan manya, yara, ƙwaƙwalwa da lafiyar al'umma, da WACS, wadda ta faro a 1960 a matsayin ƙungiyar likitocin tiyata, mai kula da tiyata, mata da haihuwa, ido, da sauransu. Sau biyu a shekara ake zama jarrabawar, kuma likitoci da yawa kan nemi ta ƙasa da ta Afirka ta Yamma duka, don in wannan ta ƙi, wataƙila waccan ta yi.

A lura, wannan daban take da jarrabawar tantancewa da MDCN ke yi wa waɗanda suka karanto likitanci a waje, kamar Sudan ko Masar. Waccan ta samun izinin fara aiki ce a Najeriya, wannan kuwa ta zama ƙwararre ce.

Matakai uku

Mataki na farko sunansa Firamare. Kada sunan ya ruɗe ku, babu abin da ya haɗa ta da makarantar yara. A kwamfuta ake yin ta, tambayoyi ne masu zaɓin amsa, kuma tana mayar da likita ga darussan farkon jami'a: tsarin jikin ɗan Adam, yadda gaɓoɓi ke aiki, yadda cuta ke ɓata su, da yadda magani ke aiki a jiki. Wahalarta ita ce mutum ya daɗe da barin waɗannan littattafai. Da ita ake neman gurbin horo.

Mataki na biyu shi ne Kashi na Ɗaya, bayan shekara biyu zuwa uku ana horo. Nan ne gizo ke saƙa. Kafin a yarda mutum ya zauna, sai ya nuna littafin da manyansa suka sa wa hannu a kan ayyukan da ya yi da hannunsa, ya kuma halarci kwasa-kwasan bita na kwalejin. Ana farawa da rubutu. A fannoni da yawa, wanda bai haye rubutun ba ba ya ma zuwa sashe na gaba, wato gwajin aiki a gaban malamai.

Mataki na uku shi ne Kashi na Biyu. Wanda ya ci Kashi na Ɗaya ya zama babban rijistara, ana damƙa masa ƙananan likitoci. A nan zai zaɓi wata matsala ta lafiya ya yi bincike a kanta, ya nemi amincewar kwamitin da'a na asibitinsa da ta kwalejin, ya tattara bayanai, ya rubuta kundi, sannan ya je ya kare shi baki da baki. In ya haye, ya zama ɗan kwalejin, ya cancanci a naɗa shi konsaltan. Haruffan nan da kuke gani bayan sunan wasu likitoci, irin su FWACP, FWACS ko FMCP, shaidar wannan doguwar tafiya ce.

Ranar da ake gumi

Ga ƙannena da ke shirin shiga Kashi na Ɗaya, ga abin da za ku tarar. Gwajin aiki galibi ba a gida ake yin sa ba. Mutum kan tsinci kansa a Ibadan, Legas ko Abuja, a asibitin da bai saba da shi ba, gaban malaman da bai taɓa gani ba. Akwai tsarin da ake kira OSCE, inda ake jera tashoshi. A wannan tasha hoton ƙirji ne za ka fassara, a ta gaba sakamakon gwajin jini, a wata kuma mara lafiya ne kwance za ka duba cikinsa ko ka saurari zuciyarsa, a wata za ka yi wa mutum bayanin cutarsa cikin lalama. Kowace tasha 'yan mintoci ne. Da an kaɗa ƙararrawa, ko ka gama ko ba ka gama ba, sai gaba.

Abu uku ne suka fi kayar da mutane, kuma babu rashin ilimi a cikinsu. Na farko lokaci: ka san amsa, amma ka tsaya dogon sharhi har ƙararrawa ta kaɗa. Na biyu ɗabi'a: malamai suna kallon ko ka gaida mara lafiya, ka gabatar da kanka, ka nemi izini kafin ka taɓa shi, ka tsabtace hannu, ka rufa masa jiki bayan ka gama. Wanda bai saba yin haka kullum a ɗakin marasa lafiya ba, ba zai tuna ranar jarrabawa ba. Na uku kame-kame: in aka tambaye ka abin da ba ka sani ba, gara ka ce ba ka sani ba da ka faɗi abin da zai iya halaka mara lafiya. Malamai sukan yafe giɓi a ilimi, amma ba sa yafe ganganci.

Sai batun harshe. Ka saba da Kanuri da Hausa da Larabcin Shuwa, sai ga ka gaban tsohuwar da ba ta jin komai sai Yarbanci, ana yi maka tafinta, lokaci kuma yana tafiya. Ka koyi yin tambaya gajera, ɗaya bayan ɗaya.

Ni kaina ban haye Kashi na Ɗaya a zaman farko ba. A wata tasha na ji ƙarar da ba daidai ba a zuciyar mara lafiya, na kuma gane ta, amma na ɓata lokaci ina jero abubuwan da ba a tambaye ni ba. Da malamin ya ce, "To, mece ce cutar?" ban rufe baki ba ƙararrawa ta kaɗa. Abin ya tsaya mini a rai, na shiga tasha ta gaba hankalina yana baya, ita ma na lalata ta. Darasin da na koya shi ne, tashar da ta wuce ta wuce. Bayan wata shida na koma, Allah Ya ba ni sa'a.

Rabon mutanen gida

Abin da na fi so iyali su gane shi ne, likita ɗaya ne ke shiga ɗakin jarrabawa, amma gida duka ne ke ɗaukar nauyinta.

Akwai nauyin kuɗi: kuɗin rajista, na kwas ɗin bita, na littattafai, na masauki, da na tafiya. Daga Maiduguri zuwa Legas ta mota ya haura kilomita 1,500. Filin jirgin sama kuwa ga shi nan kusa da mu, amma kowa ya san kuɗin tikiti. Dokar horar da ƙwararrun likitoci ta 2018 ta yi tanadin tallafi, sai dai batun biyan kuɗin a kan lokaci yana cikin abubuwan da ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, NARD, ta sha shiga yajin aiki a kansu. Saboda haka miji da mata su zauna tun da wata shida su yi lissafi. 'Yan uwa kuma su sassauta buƙatu a wannan lokaci. Ba rowa ba ce in ya ce babu.

Akwai nauyin lokaci. Mutumin da ya kwana a tsaye a ɗakin haihuwa ko na gaggawa, ya ratso gari daga hanyar Bama zuwa Bulumkutu, ga zafin Afrilu, ga rashin wuta, sannan ya buɗe littafi, ba wulaƙanci ba ne in bai je ɗaurin aure ko suna ba. A je a madadinsa, a ba da uzurinsa. Shi ma likitan yana da nasa haƙƙin da zai sauke. Ya faɗa wa iyalinsa ranar jarrabawa da tsawon lokacin da zai ɗauka yana shiri, ya ware ko da awa ɗaya a rana wadda babu littafi babu waya, ta matarsa da yaransa. Yawancin ƙarar da ake kai wa iyaye ba karatun ne ke jawo ta ba, shirun ne.

Idan kuwa likitar mace ce, nauyin ninki biyu ne. Na ga waɗanda suka tafi jarrabawa da tsohon ciki, na ga waɗanda suka tafi da jariri da mai raino, suna fitowa daga ɗakin gwaji suna ba da nono. Maigida, in ka ɗauke mata kai yara makaranta da cefane na wata biyu, ka haƙura da abin da aka samu a tukunya, ka yi mata abin da ba za ta manta ba. Uwar miji kuma kalma ɗaya mai daɗi daga bakinki ta fi gaban a kwatanta. Mu ne muke kukan ƙarancin likitoci mata da za su duba matanmu. To ga hanyar samun su.

Ta fuskar lafiya, a kula da barci da abinci da shan ruwa. Kwana ba barci da taimakon kofi da lemukan ƙara kuzari ba ya zaunar da karatu a ka, sai dai ya kawo bugun zuciya da ciwon kai. Ƙwayoyin hana barci ko na sa barci ba tare da wani likita ya rubuta ba, a nisance su. Likita ba ya zama likitan kansa.

In ba a dace ba

Faɗuwa a wannan jarrabawa ba baƙon abu ba ne. Da yawa daga cikin manyan likitocin da kuke bin layi don ku gani sun zauna ta fiye da sau ɗaya. Ba a ƙwace lasisin mutum don ya faɗi, washegari ma zai koma bakin aikinsa. Abin da yake bukata a gida shi ne a bar shi ya huce. Kada a tare shi da "wane ya ci, kai me ya faru?" Kada kuma a shiga neman wanda ya yi masa baki ko asiri. In ya natsu, ya zauna da manyansa su duba inda aka samu matsala, ya shiga rukunin masu bita, ya riƙa gwaji da agogo a gabansa.

Amma in aka ga mako biyu sun wuce ba ya barci, ba ya cin abinci, ya daina sha'awar komai, ko yana furta cewa rayuwarsa ba ta da amfani, wannan ya wuce ɓacin rai. A taimaka masa ya ga likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jinkiri ba, kuma babu abin kunya a ciki.

Tsananin jarrabawar nan don ni da ku aka yi shi. Ranar da aka shiga da ɗanka ɗakin tiyata da tsakar dare, ko haihuwa ta zo wa matarka da gardama, za ka so a ce wanda ke riƙe da wuƙar an tankaɗe shi an rairaye.

Da na gama yi wa Hajiya bayani, ta yi shiru jim kaɗan, sannan ta ce, "Ashe yaron nan wahala yake sha ni ina zarginsa." Ta sa aka kira mata surukarta, ta ce a kawo mata jikokin su zauna wurinta har uban ya dawo daga Ibadan. Jibi zai tashi. Muna roƙon Allah Ya ba shi sa'a, da duk 'ya'yanmu da ke kan wannan hanya.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Allah Ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya.